Wane Babur Ne Ya Dace da Doguwar Tafiya Daga Maraɗi? Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu babur ke yawan maimaitawa a rumfunan kanikawa da wajen masu sayar da kayan gyara, musamman idan sallah ta ƙarato ko wani ya ƙudura zuwa Damagaram, Tawa ko Yamai a kan motonsa. An sa musu lamba domin wata amsar tana jingine da wata.

1. Ai kowane babur yana tafiya. Me ya bambanta na doguwar tafiya da na cikin gari?

A cikin gari babur yana aiki ne na minti goma ko ashirin, ya huta. A kan hanya kuwa injin zai yi awa biyu ko uku yana juyi ɗaya ba sassauci, cikin rana, da kaya a baya. Daga Maraɗi zuwa Damagaram kimanin kilomita 235 ne, zuwa Ƙonni kimanin 240, zuwa Yamai kuwa wajen 660. Ƙaramin lahanin da ba ka damu da shi ba tsakanin gida da babbar kasuwa, kamar sarƙa mai sako-sako ko ɗigar baƙin mai, a irin wannan nisa shi ne zai zaunar da kai gindin aduwa.

Abu huɗu ake dubawa: injin da ke riƙe gudun kilomita 70 zuwa 80 ba tare da ya yi kuka ba, tankin da ke kai ka gari na gaba da saura, zaman da baya da kafaɗa za su jure, sai kuma kayan gyaran da ake samu a hanyar da za ka bi. Na ƙarshen nan shi ne aka fi mantawa, kuma shi ya fi sauran nauyi. Babur ɗin da bakaniken Gazawa ko na Gidan Runji ya san cikinsa, kuma yake da wayar kulocinsa rataye a ƙusa, ya fi wanda ya ninka shi ƙarfi amma sai an aika Kano ko Yamai neman boris ɗinsa.

2. Injin 100, 125, 150 ko 200: wanne ya isa?

Injin 100, wato mai girman cc 100, yana shan mai kaɗan kuma yana da juriya, amma da zarar an ɗora masa mutum biyu da jaka, ga iskar gabas tana bugun ƙirji, gudunsa na daɗi bai wuce 55 zuwa 60 ba. Zai kai ka, sai dai a makare. Injin 125 shi ne matsakaici: mutum ɗaya da kaya madaidaita, yana riƙe 70 cikin kwanciyar hankali. Idan goyo za a riƙa yi, ko ana son wuce tirela ba tare da an daɗe a gefenta ba, 150 ya fi dacewa, kuma ƙarin man da yake sha bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Kada a duba gudun ƙarshe da mai sayarwa ke faɗa. Babur ɗin da ƙurewarsa 100 ce, gudun tafiyarsa 70 zuwa 75 ne, wato kamar kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa. Wanda ya murɗe totur har ƙarshe daga Cadawa zuwa Tasawa yana dafa fiston ne kawai. A duba amsa ta 11 kan zafin inji. Giya biyar ma ta fi huɗu a kwalta, domin ta biyar tana sauke juyin inji a daidai gudun da ake so.

3. Tsakanin Boxer, TVS, Haojue da Kasea, wanne masu tafiya suka fi yabo?

Boxer na kamfanin Bajaj ne, TVS HLX ma daga Indiya yake, kuma dukansu an ƙera su ne da tunanin aikin haya: doguwar kujera shimfiɗaɗɗiya, kariya mai ƙwari, shokozoba mai ɗaukar nauyi, taya inci 17. Boxer 150 injinsa kusan 145 ne, tankinsa lita 11. HLX yana zuwa a 125 da 150, tankinsa wajen lita 12. A gargada da ramuka sun fi yawancin takwarorinsu taushi, shi ya sa ƴan kabu-kabu da ke wuni a kan sirdi ba sa raina su. Rauninsu ɗaya ne: injinsu yana da siririyar sarƙa a ciki mai juya bawul, kuma idan aka riƙa jinkirta juyen mai ita ce farkon mai fara ƙara.

Haojue da Kasea da Royal da sauran na Sin, da yawansu an ɗora su ne a kan tsarin Honda CG125, wanda ya fito tun 1975. Wannan injin sanduna ne ke tura bawul ɗinsa, babu waccan sarƙar, don haka yana yafe wa mai sakaci fiye da kowanne. Yana da ɗan karkarwa idan gudu ya yi sama, hannu kan yi sanyi bayan awa biyu, amma babu ƙauyen da ke da rumfar gyara da ba a san shi ba, kuma kayan wannan suna shiga wancan. Haojue ya fi yawancinsu kyawun haɗi da ƙwarin fenti da wayoyin wuta. A masu arha kuwa abin da ke fara ba da kai ba inji ba ne: notuka ne da ke kwancewa, da wayoyin taya, da makunnin fitila.

A taƙaice, mai goyo da kaya a hanyar da kwalta ta farfashe ya karkata ga Boxer ko HLX 150. Mai tafiya shi kaɗai da ke son gyara mai arha a ko'ina, irin CG bai bar masa abin kuka ba.

4. Su kuma dogayen nan irin na ma'aikatan noma da na lafiya, AG da XTZ da DT?

Waɗannan na daji ne. Yamaha AG200 an yi shi ne don gona: inji 196, giya ta ɗaya mai ja kamar sa, sarƙa a rufe cikin akwati, kariya gaba da baya. A rairayin arewacin Dakwaro ko hanyoyin ƙauyukan Mayahi babu kamarsa, amma a kwalta ba ya son gudu, kuma tankinsa wajen lita 10 ne. XTZ125 yana da tayar gaba inci 21, ta baya 18. Babbar tayar gaban ita ce ke haye rami da kunya ba ta nutse ba. Honda XR150L yana tsaka-tsaki, gaba 19, baya 17, tanki lita 12, ya fi su daɗin kwalta.

DT125 injinsa irin mai hayaƙi ne, wanda ke ƙona mai na musamman tare da fetur. Yana da zafin tashi, ba nauyi, amma yana shan mai fiye da sauran, kuma idan famfon da ke tura man nan ya tsaya ba ka lura ba, fiston yana kamewa nan take. Masu DT da yawa kan cire famfon su riƙa haɗa man da hannu a tanki. Wanda zai yi haka ya riƙe ma'auni ɗaya, kada ya riƙa zubawa da ka.

Matsalar dukansu kujera ce: siririya, doguwa daga ƙasa. Gajeren mutum zai sha wuya wajen tsayawa, mai goyo kuma zai ji a jikinsa kafin Agiye. Idan kashi takwas cikin goma na tafiyarka a kan babbar hanya ce, kuɗin da za ka ƙara ka sayi na daji bai biya ba.

5. Manyan baburan Turawa masu yawon duniya fa? Ba su ne ainihin na tafiya ba?

Don tafiya aka yi su, ba shakka. Wani ma sunan wani yanki na ƙasarmu yake ɗauke da shi: Yamaha Ténéré, wanda ya fara fitowa a 1983, daga hamadar Tenere ya samo suna, bayan tseren Faris zuwa Dakar da aka fara a ƙarshen 1978 ya riƙa ratsa Agadas. Ténéré 700 na yanzu injinsa 689 ne, tankinsa lita 16, nauyinsa ya ɗan haura kilo 200. Africa Twin na Honda da manyan GS na BMW sun fi shi nauyi.

Sai dai a yi lissafi da idon basira. Babur mai kilo 200 da ɗoriya idan ya kwanta a rairayi, mutum ɗaya da kyar yake tayar da shi. Yana shan ninki biyu na abin da 125 ke sha. Tayarsa ba ta rataye a kasuwar Tasawa. Yana da kwamfuta da famfon mai na lantarki waɗanda ba sa shiri da gurɓataccen mai, kamar yadda amsa ta 8 ta yi bayani. Ga kuma jan ido: a shingen jami'ai da cikin ƙauye kowa sai ya tambaya. Mai hali da ke da bakaniken da ya san su, kuma hanyarsa kwalta ce, zai ji daɗinsa ƙwarai. Ga sauran jama'a, abin kallo ne.

6. Ƙaramin 110 mai roba, marar kulocin hannu, zai iya zuwa Damagaram?

Zai iya, ana ma yi. Amma tankinsa bai wuce lita huɗu ba, tayoyinsa sirara ne, baƙin man da ke cikinsa bai cika lita ba, don haka yana saurin zafi. A riƙe 55 zuwa 60, a sha mai a Agiye da Tasawa, kada a yi goyon babba. Don zuwa Tsibiri ko tabkin Madarumfa ya wadatar. Don a saye shi musamman saboda doguwar hanya, a'a.

7. Yaya zan lissafa man da zai kai ni?

Kada ka dogara da abin da aka rubuta a takardar talla. Cika tanki har wuya, rubuta lambar kilomita, yi tafiyar kilomita 100 da irin kayan da za ka ɗauka, ka sake cikawa. Abin da ya shiga shi ne shan babur ɗinka. Lafiyayyen 125 ko 150 yakan sha lita biyu zuwa biyu da rabi a kilomita 100 a kwalta. Da goyo da iska a gaba yana kai uku, a rairayi kuma yana iya wuce haka nesa.

Misali: tanki lita 11, shan lita uku. A takarda kilomita 360 ke nan da ƴan kai. Cire kashi ɗaya cikin huɗu don ɓatan hanya da iska da gidan man da za ka tarar a rufe, saura wajen 270. Wannan ya kai Damagaram ko Ƙonni da tanki ɗaya. A kan babbar hanya mai lamba ɗaya, wadda ta haɗa Yamai da Maraɗi da Damagaram, garuruwa suna kusa da juna, mai ba abin damuwa ba ne. Inda lissafi ke zama dole shi ne arewa: daga Tanut zuwa Agadas wajen kilomita 300 ne, tsakani kuwa ba yawan gari. Can sai da jarkar lita biyar, a ɗaure ta nesa da salansa, kuma kada a cika ta maƙil domin fetur yana kumbura da rana.

8. Man kwalba na bakin hanya yana lalata inji? Kuma kafireta ko sabon tsarin fesa mai, wanne ya fi?

Man ƴan ruwa-ruwa ba duka ne mugu ba. Matsalar ita ce ba ka san wanne ba ne. Abin da ake tsoro uku ne: ruwa, ƙasa, da gaurayen kananzir. Ruwa yana kwanciya a gindin kwalba, don haka ɗaga ta ka duba, kuma kada a juye maka ɗigon ƙarshe. Ƙasa ana tare ta da tsumma mai tsabta a bakin mazurari. Kananzir kuwa ana gane shi da ɗiga kaɗan a tafin hannu: fetur yana bushewa nan da nan, gauraye yana barin maiƙo. Inji mai shan gauraye yana ƙwanƙwasa idan an ja totur, yana zafi, buji yana yin baƙi.

Nan ne kafireta ke cin riba. Idan ruwa ya shiga, akwai ƙaramin sukuru a gindinta, a kwance shi ruwan ya zube, a ci gaba da tafiya. Idan jet, ƙaramar ƙofar da mai ke bi a cikinta, ya toshe, minti ashirin ne a gindin itace. Tsarin fesa mai na lantarki ya fi tsimin mai, ya fi saurin tashi da sanyin asuba, amma famfonsa yana cikin tanki, datti yana kashe shi, kuma idan batir ya mutu murus wasunsu ko an tura ba sa tashi. Wanda ya saye shi ya lizimci gidan mai. Mai kafireta kuma ya sa ƙaramar matatar roba a kan tiyon mai, ya riƙe wata a jaka.

9. Taya mai tib ko marar tib? Rim na waya ko na ƙarfe zube?

Ƙayar aduwa da ta bagaruwa su ne ke yanke hukunci a nan. Taya marar tib idan ƙaya ta shige ta, iska tana fita a hankali, sau da yawa ma sai ka iso gari; ana toshe ramin da igiyar faci ba tare da an cire taya ba. Mai tib kuwa tana saki gaba ɗaya, wani lokaci a cikin gudu, kuma sai an kwance. To amma marar tib tana zama ne a kan rim zube, shi kuma idan ya daki bakin rami da ƙarfi yana lanƙwasa ko ya tsage, iska ta ƙi zama. Rim na waya yana lanƙwasa ya dawo, idan ma ya karkace mai ɗaurin waya zai miƙe shi a kowane gari.

Saboda haka mai bin kwalta ya ɗauki marar tib, amma ya riƙe tib ɗaya a jaka don ranar da rim ya bugu. Mai bin burji da daji ya zauna a kan rim na waya da tib mai kauri, ya riƙa bin wayoyin da sifana yana saurare: wadda ta yi ƙarar gwangwani ta saki, a ɗaure ta kafin ta ja maƙwabtanta.

Iska: a yawancin ƙananan babura gaba wajen 1.75 ne a ma'aunin iska na bar, baya 2.0, da goyo ko kaya a ƙara baya zuwa 2.25 ko abin da aka rubuta a jikin babur ɗin. A auna da safe taya na sanyi. Masu faci da yawa da yatsa suke aunawa, kuma sun fi son cikawa tam. Taya mai iska fiye da kima tana tsalle a gargada, tana cinyewa ta tsakiya.

10. Idan hanya ta koma rairayi, babur ɗin kwalta zai wuce?

Zai wuce idan mai shi ya iya. A rage iska zuwa wajen bar 1.2, a shiga da giya ta biyu, a riƙe totur daidai ba a saki ba, a ja jiki baya don gaba ta yi sauƙi, a kalli nesa. Birkin gaba a rairayi kayar da mutum yake yi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne riƙe kuloci rabi-rabi ana ta ba da wuta: cikin ɗan lokaci farantan kuloci sun ƙone, babur yana kuka ba ya tafiya. Idan ya nutse, sauka ka tura shi yana giya ta ɗaya. Da an koma ƙasa mai tauri a mayar da iska, in ba haka ba tib zai tsinke a wuyan bawul. Shi ya sa famfon hannu yake cikin kayan amsa ta 15.

11. Injina yana zafi sosai a watan Afrilu da Mayu. In zuba masa ruwa?

A'a. Ruwan sanyi a kan inji mai zafi yana iya karkatar da kan silinda ko ya tsaga shi. Waɗannan injuna iska ce ke sanyaya su, kuma an yi su su jure rana mai sama da digiri 40 muddin iska na ratsa haƙarƙarinsu. A tsaya a inuwa minti goma zuwa sha biyar bayan kowace awa ɗaya da rabi, shi ke nan.

Idan zafin ya wuce na kullum, akwai dalili. Ko baƙin mai ya yi ƙasa. Ko laka ta bushe tsakanin haƙarƙarin silinda. Ko an ɗaura jaka ko faranti a gaba ya tare iska. Ko birkin baya yana kamawa. Taɓa gangar bayan tafiya, in ta yi zafin da hannu ba ya zama, ga ɓarawon nan. Ko kuma, wanda ya fi yawa a garin nan, bakanike ya matse kafireta don a yi tsimin mai. Inji mai samun iska da yawa amma fetur kaɗan yana ƙuna kamar maƙera. Cire buji ka gani: launin ƙasa-ƙasa lafiya, baƙi mai ya yi yawa, fari fat kuwa yunwa ce, a buɗe masa kafin a kama hanya. Bawul da aka ɗaure tam ma yana kawo zafi da wuyar tashi. Tazararsa a irin waɗannan injuna tsakanin milimita 0.05 da 0.08 take, kuma da sanyi ake saita ta.

12. Wane baƙin mai, kuma bayan kilomita nawa ake juye?

Don zafinmu 20W-50 ya dace da yawancinsu, wanda aka rubuta 4T da JASO MA a jikinsa. Man mota na zamani yana da sinadarin santsi da ke sa kulocin babur zamewa, domin a babur kuloci cikin man yake wanka. Yawansa wajen lita ɗaya ne, wasu ƙasa da haka kaɗan. A bi sandar awo, babur a tsaye a kan ƙafa biyu. A ƙurarmu juye bayan kilomita 1,500 zuwa 2,000 ya fi aminci. Mai zuwa Yamai ya dawo ya yi sama da 1,300, don haka ya juye kafin ya tashi, ya riƙe rabin lita don ciko. A guji man da ake aunawa daga buɗaɗɗen duro.

Matatar iska ta fi baƙin mai saurin kashe inji a lokacin hunturu. Ta soso ana wanke ta da kananzir, a matse ba a murɗe ba, ta bushe, a shafa mata baƙin mai kaɗan. Busasshen soso ba ya kama ƙura. Ta takarda ba a wanke ta, ana kaɗewa ko a sauya. Wanda ya cire matata wai don babur ya ƙara gudu, yashi yake ɗura wa ringi.

13. Sarƙata tana yawan saki. Kuma gaskiya ne sauya farantin sarƙa mai haƙora yana ƙara gudu?

Sakin da ya dace milimita 20 zuwa 30 ne a tsakiyar sarƙa, a babura na kwalta. Na daji suna son fiye da haka. A auna da mutum a zaune a kai, domin nauyi yana ɗaure ta. Sarƙar da aka ja tam tana cin boris na giya. Idan kana ɗaurewa yau gobe ta saki, ta ƙare ne: ja ta daga bayan babban faranti, in ta ɗago har ka ga rabin haƙori, sai sabuwa. A sauya ta tare da faranti biyun, domin tsohon haƙori mai ƙugiya yana cinye sabuwar sarƙa cikin makonni. Akwatin sarƙa da samari ke cirewa don ado, a hanya shi ne ke ninka kwananta. A ɗiga mata mai bayan kowane kilomita 400 zuwa 500. Giris mai kauri yana tara yashi ya zama magogi.

Game da faranti: ƙara haƙori ɗaya a ƙaramin na gaba, daga 14 zuwa 15, yana sauke juyin inji da wajen kashi bakwai cikin ɗari. Babur zai yi shiru a 75, karkarwa ta ragu, mai ya ɗan ragu. Amma ƙarfin ja yana raguwa daidai da haka. Ga mai 150 da ke tafiya shi kaɗai a kwalta, dabara ce mai kyau. Ga mai 100 ko 125 da goyo, ko mai shiga rairayi, asara ce: zai riƙa komawa giya ta ƙasa, gudun da yake nema ma ba zai samu ba.

14. Kaya nawa zan ɗora, kuma yaya ake ɗaurawa?

Yawancin ƙananan babura abin da aka yarda su ɗauka, har da mutane, wajen kilo 150 ne. Manya biyu sun kusa cinye shi. Kowa ya ga ana ɗora buhu biyu na gero a tafi, amma wannan tafiyar kasuwar ƙauye ce a hankali, ba gudun 75 na awa huɗu ba. Nauyi ya zauna ƙasa-ƙasa kuma kusa da tsakiya: jaka biyu a gefe da nauyi daidai sun fi tulin kaya a ƙarshen kariya, wanda ke ɗaga gaba har kai ya riƙa rawa. A ɗaure da robar tib, a tabbata babu igiya ko gefen riga ko zane da ke lilo kusa da taya; mai goyon mace ya duba wannan da kansa kafin a tashi. A ƙara taurin shokozoba na baya mataki ɗaya ko biyu, a sake duba fitila, domin baya idan ya zauna haske sama yake tafiya.

15. Me zan riƙe a jakar gyara?

Buji ɗaya da sifanarsa, wayar kuloci da ta totur, mahaɗin sarƙa mai lambar sarƙarka, wadda a yawancinsu 428 ce, tib na baya wanda a dole zai shiga gaba idan tayoyin biyu incinsu ɗaya ne, faci da sholisho, ƙarfen cire taya biyu, famfon hannu, sifana 8 da 10 da 12 da 14 da ta noti na taya, sukundireba mai kai biyu, filaya, fiyus, ƙwan fitila, waya ta ɗauri da salatif. Wata dabara: a shimfiɗa sabuwar wayar kuloci a gefen tsohuwa tun daga gida, a ɗaure su tare, ranar da ta tsinke sai a sauya bakin kawai. Kuma a gwada cire tayar baya sau ɗaya a tsakar gida da waɗannan kayan; nan ne ake gane cewa sifanar da aka riƙe ba ta kama noti ba.

16. Sabo zan saya ko na hannu?

Sabo ba a fita da shi doguwar hanya daga shago. Yana bukatar kilomita 1,000 na farko a hankali, gudu yana hawa yana sauka, a juye mai a wajen 500, a sake bin notuka duka, domin yawanci a nan ake haɗa su daga kwali kuma ba kowane mai haɗi ne ke ɗaurewa da kyau ba.

Na hannu kuwa a je ganinsa da safe, kafin a tayar da shi. Mai sayarwa da ya riga ya ɗumama inji yana ɓoye wani abu. Shuɗin hayaƙi ringi ne ko bawul. A ɗora shi a ƙafa biyu, a juya kai hagu da dama: in yana maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya tafi. A girgiza tayar baya gefe da gefe. A leƙa ƙarƙashin tanki da gindin kariya don neman walda, alamar ya taɓa karyewa ko ya sha lodi. A sake shi a hanya miƙaƙƙiya a ga ko yana ja gefe ɗaya. Lambar kilomita ba shaida ba ce, roban taka ƙafa da ramin kujera sun fi ta gaskiya, musamman a wanda ya yi kabu-kabu. Sannan lambar jiki da ta inji su dace da takarda harafi da harafi. In an ga alamar goge ko sabon bugu, a bar shi komai arharsa.

17. Waɗanne takardu ake tambaya a hanya, kuma ina ne ba a shiga da babur?

Kart giriz, wato takardar mallakar babur, takardar duwan, inshora mai rai, lasin tuƙi, katin ɗan ƙasa, da lamba a jikin babur. A cikin gari ana iya shekara ba a tambaya ba, amma a shingen jandarma da na duwan tsakanin jihohi ana tambaya, kuma babur marar takardar duwan ana iya riƙe shi. A sa su cikin leda, a ajiye hotonsu a waya. Mai ƙetarawa ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina ya je wurin mai inshorarsa da ofishin duwan tun kafin ranar, domin Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a Janairun 2025, kuma bai kamata a dogara da yadda aka saba yi a da ba.

Batun tsaro ba a wasa da shi. An hana zirga-zirgar babura a jihar Difa a 2015, an kuma hana a sassan Tilaberi a farkon 2020, kuma irin wannan doka tana sauyawa daga lokaci zuwa lokaci. Dajin kan iyaka ta wajen Madarumfa da Gidan Runji ma yana da wuraren da ba a bi da yamma. Direbobin tasha su ne suka fi kowa sanin halin hanya na ranar. A tambaye su, a kuma tambayi jami'ai a shingen farko.

18. Kilomita nawa mutum zai yi a rana, kuma wane lokaci ya fi?

A ƙaramin babur, idan aka haɗa da tsayawa da shingaye da salla, matsakaicin tafiya bai wuce kilomita 50 a awa ba. Damagaram awa biyar ke nan. Yamai kuwa a raba ta biyu, a kwana a Ƙonni ko Dogon Dutsi. Masu yin ta a yini ɗaya suna ƙarasa ƙarshenta ne cikin duhu da gajiya, lokacin da amalanke marar fitila da jakuna da shanu ke kan kwalta, manyan motoci kuma ba sa rage haske.

A tashi bayan sallar asuba da gari ya fara wayewa. A bazara a nemi inuwa daga sha biyu zuwa la'asar, a riƙe ruwa aƙalla lita uku, a riƙa sha ko ba a ji ƙishi ba, domin iskar gudu tana busar da gumi mutum bai sani ba; ciwon kai da ganin hanya tana rawa alamar a tsaya ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu inji ya fi jin daɗi, amma sanyin safe yana ratsa ƙashi, sai da riga mai kauri da safar hannu, kuma ranar da hazo ya sauka a kunna fitila ko da tsakar rana. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, kada a shiga kwazazzabo ko mashigin gulbi mai gudu; a jira ya janye, kuma ko ya janye a taka da ƙafa tukuna, ruwan kada ya kai bakin matatar iska. Hular kwano mai rufe haɓa da gilashi fari ita ce ta hanya. Rawani yana tare ƙura amma ba ya tare kwalta, kuma baƙin gilashi da magariba makanta ne. Wanda za a goya ma a nemo masa tasa, daidai kansa, mai igiyar da ke ɗauruwa.